Wayar da ke warkewa da tsakar rana: nazarin matsalar layin tarho a wani gida a ƙasar Ringim

Gidan da abin da aka kafa a cikinsa (Janairu 2021)

Gidan yana wani ƙauye ne a ƙasar Ringim ta jihar Jigawa, 'yar tafiya kaɗan daga kwalta. Gidan gandu ne irin na da: zaure, shigifa, turakar maigida, sassan mata, sai ɗakin mahaifiyar maigidan can ƙurya, wadda babba da yaro ke kira Inna. Ginin ƙasa ne, rufin kwano. Maigidan wani Alhaji ne mai sayen shanshera da riɗi yana kaiwa Dawanau, kuma yana da shago haɗe da sito a ƙetaren hanya, daura da ƙofar gida.

Wayar tarho ta gwamnati ba ta taɓa zuwa ƙauyen ba. A zamanin NITEL, wadda aka kafa a 1985, sai wanda ya shiga birni ke ganin wayar girke a ofis ko a gidan wani attajiri, lambarta tana farawa da 064 in ta Kano ce. Salular GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya ta iso ƙauyen, amma rabi da rabi. Ƙarfen sabis yana nesa. Mai son magana sai ya fita bakin masallaci ko ya hau tudun bayan gari. A cikin ɗaki kuwa, ƙarƙashin kwano da katanga mai kauri, sanda ɗaya ma sai an taki sa'a. Maza ba su cika damuwa ba tunda a waje suke wuni. Matan gida da tsohuwa su ne abin ya fi shafa.

Babban ɗan Alhaji, wanda ke zaune a Kano, shi ya kawo mafita. An kafa eriya a kan doguwar sanda ta ƙarfe, aka sauko da igiyarta zuwa wani akwati a zaure mai cin sim, wanda ke mayar da layin salula ya zama irin na wayar girke. Daga shi aka shiga wani ƙaramin akwatin rabo mai ramuka takwas, wanda mutanen gidan ke kira intakom. Aka ja layi biyar: 801 zaure, 802 turaka, 803 sashen uwargida, 804 ɗakin Inna, 805 shago. Wutar sola ce ke riƙe da komai, batir da inbata suna nan zaure.

Hausa ta haɗa abin magana da igiyarsa a suna ɗaya, duka waya ne. Don kada a ruɗe, a nan zan riƙa cewa "kan waya" in ina nufin abin da ake ɗauka a kara a kunne, "kebul" kuma in ina nufin igiyar.

Kebul ɗin da aka yi aikin da shi mai zare huɗu ne: ja, kore, rawaya, baƙi. Kowane kan waya zare biyu kawai yake buƙata. Saboda haka wanda ya ja layin ya yi tattali, ya ɗora 803 da 804 a kan kebul ɗaya, ja da kore na Inna, rawaya da baƙi na uwargida. Daga zaure zuwa ɗakin Inna mita 85 ne.

Wata goma sha bakwai ba a ji kansu ba, har da daminar 2021 gaba ɗayanta. A Afrilun 2022, cikin azumi, magina suka sabunta yaɓen katangun cikin gida kamar yadda aka saba kafin ruwa ya sauka.

Farkon ciwo (Yuni zuwa Yuli 2022)

Ruwan farko na kirki ya sauka a tsakiyar Yuni. Bayan kwana biyu Inna ta aiki jikanta ya gaya wa Alhaji wayarta tana suyar gyaɗa. Abin da take nufi shi ne tas-tas ɗin da ke shiga magana, wani lokaci kaɗan, wani lokaci har ya danne muryar mai kira. Kafin mako ya zagayo 803 ma ta ɗauka.

Daga nan abubuwa suka riƙa ƙaruwa. Wani ƙugi ya bayyana ƙasa-ƙasa, kamar na taransifoma, ya fi ƙarfi da dare lokacin da aka kunna fitilu da fankoki. In aka kira Inna, ƙararrawa sai ta buga sau ɗaya ta ɗauke, mai kira ya ji kamar an ɗaga amma shiru. Wasu safiyoyin kuma layinta sai ya nuna ana magana alhali kan wayar yana ajiye a kan akwatinta.

Wanda ya fi ɗaga hankalin gidan shi ne na ƙarshe. Wata rana uwargida ta ɗauki 803 za ta kira shago, sai ta jiyo muryar Inna can nesa tana hira da 'yarta da ke aure a Haɗejia. Ta yi saurin ajiyewa. Amma Inna ta ji motsin, kuma ba sau ɗaya ba. Tsakanin suruka da matar ɗa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba wanda ya ce wa wani uffan, sai dai tsohuwa ta daina amfani da wayar in ba dole ba, uwargida kuma ta sa aka cire tata daga soket ta naɗe ta a tsumma.

A ƙarshen Yuli, bayan wata iska da ta zo da hadari, 805 ta shago ta mutu ɗungurungum. Ita ba suya, ba ƙugi, ba komai. Duk tsawon wannan lokaci 801 da 802 garau suke.

Gwajin farko: kan waya, sim da eriya (Yuli 2022)

Bayan Babbar Sallah aka ɗauko wani mai gyaran salula daga gari, yaro mai hannu a kan sikirin da wurin caji. Ya iso wajen ƙarfe goma sha biyu na rana. Aka fito masa da kan wayar Inna zuwa zaure, ya jona, ya ji lafiya lau. Aka mayar ɗakinta aka kira, nan ma lafiya. Duk da haka ya ce a sayi sabo, wataƙila sanyi ya shiga tsohon. Aka saya. Washegari da asuba sabon ya kama suya.

Da ya dawo sai ya ce matsalar sabis ce, damina tana taɓa shi. Aka cire sim aka sa na wani kamfani, aka ƙara wa sandar eriya mita uku. Sandunan sabis a fuskar akwatin sun ƙaru daga uku zuwa huɗu, kiran waje daga zaure ya ƙara fita tar. A 803 da 804 babu abin da ya sauya.

Gwaji na biyu: akwatin rabo (Agusta 2022)

Na biyu mai wayarin ne, yana haɗa sola kuma ya san aikinsa. Ya zo bayan la'asar. Da ya ji tarihin, musamman mutuwar 805 a daren hadari, sai ya zargi tsawa. Ya cire layin Inna daga rami na 804 ya mayar 806 wanda ba a taɓa amfani da shi ba. Da safe ciwon ya bi ta can. Ya yanke hukuncin cewa allon akwatin ne gaba ɗaya ya taɓu. Ɗan Alhaji ya aiko da sabo daga Kano.

An sa sabon akwati a ranar da ruwa ya ɗan yi hutu. Kwana uku ba a yi ruwa ba, suyar ta ragu har wasu suka ce an rabu da ita. A rana ta huɗu aka kwana ana ruwa, komai ya dawo, har da bugun ƙararrawa sau ɗaya.

Ya sake zuwa. A wannan karon ya duba kebul, ya sauya mita 15 na farko daga zaure zuwa shigifa, inda rana ta ƙona robar har ta fara tsagewa. A ƙofar shigifa ya tsaya. Shigar baƙon namiji cikin gida sai an yi sanarwa, mata su shige ɗaki, a bar tukunya a kan murhu, kuma lokacin ana tsakiyar girkin dare. Ya tambayi wani yaro ko kebul ɗin yana nan lafiya a ciki, yaron ya leƙa ya ce lafiya lau. Game da ƙugi, ya sa aka kashe layin wutar cikin gida, ƙugin ya ragu nan take. Ya ce inbata ce, a sayi wata. Alhaji ya ce ya gaji da saye.

Littafin yarinya (Satumba 2022)

Daminar 2022 ta zo da ambaliya a ƙananan hukumomin Jigawa da dama, hanyar shiga ƙauyen ta yanke. A lokacin ne ɗan Alhaji ya neme ni in duba matsalar layin, kuma ba halin zuwa. Na tambaye shi wa ke wuni a cikin gidan wanda zai iya rubutu. Ya ce ƙanwarsa, 'yar aji biyar a sakandare, tana gida ba ta koma makaranta ba.

Abin da na roƙa ta yi ba shi da wuya. Sau huɗu a rana, bayan asuba, da hantsi, da azahar, da bayan isha, ta ɗaga kowane kan waya ta danna lamba ɗaya tak. Danna lamba ɗaya yana kashe ƙarar layi, sai a samu 'yan daƙiƙoƙi na shiru da za a saurari kebul ɗin kansa. Ta rubuta abin da ta ji, ta kuma rubuta ko an yi ruwa. Na ce a lallashi uwargida ta mayar da tata soket.

Ta yi kwana goma sha biyu tana rubutawa a bayan littafin lissafinta. 804 ta yi suya a duk safiyoyi goma sha biyun, har da biyar da ba a kwana da ruwa ba. Da azahar kuwa, sau tara cikin goma sha biyu shiru take. Bayan isha ta dawo. 803 tana bin sahunta amma da sauƙi.

Akwai wani layi a gefen shafin da ban ce ta ja ba. Ta rubuta "wanke-wanke" a samansa, tana sa alama. Ta lura cewa suyar tana tsananta bayan an gama wanke kwanukan safe da na dare, ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Awo (farkon Oktoba 2022)

Na isa da yamma na kwana a zaure, domin littafin ya nuna cewa wanda ya zo da rana ba zai tarar da mara lafiya ba. Kayana ba su da yawa: mitar awon wuta, kan waya ɗaya da na tabbatar da lafiyarsa mai gajeriyar igiya, filaya, wuƙa, da naɗin kebul na mita 100.

Bayan sallar asuba na zare duk layukan daga akwatin rabo, na bi ramuka takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya da kan wayata. Duka shiru tsaf. Mita ta nuna bolt 36 a kowane rami. Layin kamfani irin na da bolt 48 yake bayarwa in waya tana ajiye, amma ƙananan akwatunan nan da yawa ba su kai haka, saboda haka 36 ba laifi ba ne muddin duk ramukan sun yi daidai. Na sa aka ɗauko tsohon akwatin daga kwalinsa na gwada. Shi ma lafiyarsa ƙalau.

Sai na mayar da layukan, kowane kan waya yana ajiye. 801 da 802 suka tsaya a 36. 803 ta sauka zuwa 31, 804 zuwa 24. Wayar da ke ajiye bai kamata ta ja wutar kirki ba, don haka in bolt ya faɗi, wuta tana zurarewa a wani wuri. In zurarewar ta yi yawa, akwatin sai ya ɗauka an ɗaga waya, shi ne layin ke nuna ana magana. Bugun ƙararrawa sau ɗaya ma daga nan yake: wutar da ke kaɗa ƙararrawa ta fi ta zaman layi ƙarfi nesa ba kusa ba, takan kai bolt 70 zuwa 90, tana zuwa sai ta tsallaka ta wurin da ke da laima, akwatin ya ce an amsa, ya yanke bugun. Wannan wutar ce kuma dalilin da ya sa ba a taɓa zare tsirara sai an zare layin daga akwati, domin in kira ya shigo hannu yana kai, mutum zai ji a jikinsa.

805 ta nuna 36 cif a zaure, a shago kuma sifiri. Wannan yankewa ce, ba ta da alaƙa da sauran.

Daga nan na cire kebul ɗin 803 da 804 daga akwati, yarinyar ta cire kawunan waya biyun daga soket a ciki. Kebul mai lafiya da ba a jona komai a bakinsa biyu ba, in aka auna tsakanin zarensa, mita ba ta ganin hanya ko kaɗan. Wannan ya nuna om 2,600 tsakanin ja da kore (om shi ne ma'aunin yadda hanya ke tare wuta; in lambar ta yi ƙasa, wuta ta fi samun wucewa). Tsakanin kore da rawaya, wato tsakanin layin Inna da na uwargida, om 9,000. Hanyar da muryar tsohuwa ke bi zuwa kunnen surukarta ke nan. Tsakanin ja da ƙasa, om 15,000. Lambobin ba su tsayawa wuri ɗaya, kuma in na juya tsinkayen mitar sai su ba ni wata lamba dabam. Ƙarfe da ƙarfe in suka haɗu ba su yin haka. Laima da tsatsa ne ke yi.

Ƙarfe ɗaya na rana na maimaita. Bolt ya koma 35 a layukan biyu, zurarewar ta haura om dubu ɗari uku. Da a lokacin na fara zuwa, da ni ma na ce lafiya lau.

Tunda kebul ɗin ya bushe, sai na yi awo na biyu. Yarinyar ta murɗe ja da kore wuri ɗaya a ɗakin Inna, na auna zuwa da dawowa daga zaure. Zaren jan ƙarfe mai kaurin rabin milimita yana ba da kamar om 9 a kowace mita 100, zuwa da dawowa 18, saboda haka mita 85 ya kamata ta tsaya wajen 15. Na samu 140, tana tsalle har 400.

Kafin magariba na warware naɗin da na zo da shi, yara suka ja shi a ƙasa ta tsakar gida har ɗakin Inna, aka jona ta kai tsaye. Aka kwana, aka yi wanke-wanken safe, layin shiru kamar ba shi ba.

Tonon katanga

Saura a san inda ciwon yake a cikin mita 85. Hanyar ita ce a raba biyu a auna kowane ɓangare, wanda ya nuna laifi a sake raba shi. Mahaɗin da mai wayarin ya yi a shigifa ya ba ni wurin rabawa ba tare da na yanka ba. Ɓangaren zaure tsaf. Laifin yana ciki.

Na ce, "Alhaji, sai fa mun shiga."

Ya ce, "To, bari a yi musu magana." Ya tura yaro, muka ji yana cewa a gyara, baƙo zai shigo.

Daga shigifa kebul ɗin ya bi ƙarƙashin kwano a kan ƙusoshi, ɗaure tare da wayar wutar ɗakuna, tsawon kamar mita 20. Daga nan ya gangaro ya nutse cikin katanga, bai sake fitowa ba sai bayan mita tara, inda ya rabu biyu. A jikin wannan mita taran ne aka jera randuna uku, kusa da su wurin wanke-wanke, a sama kuma indararo. Katangar ta yi duhu daga ƙasa har gwiwa, in ka danna da yatsa tana lotsawa.

Yarinyar tana tsaye a bayan mahaifinta. Ta ce, "Baba, da ai a waje take, a rataye. Ranar yaɓe ne magina suka cire ƙusoshin, da ta faɗo suka tura ta ciki suka shafe." Randunan ma, in ji ta, bayan yaɓen aka dawo da su nan saboda inuwa.

Aka sake murɗe ja da kore a ɗakin Inna, na jona mita a shigifa na bar yaro yana kallo, na bi katangar ina ƙwanƙwasawa da ƙotar fartanya. Daidai bayan randa ta biyu ya yi ihu lamba ta yi tsalle. Muka tona, kamu ɗaya daga ƙasa.

Mahaɗi ne. Naɗin farko na wanda ya ja layin a 2021 a nan ya ƙare, sai ya ɗora wani, ya murɗa zare huɗu da hannu, ya naɗe da salatif. Salatif ɗin ya saki, ya cika da jiƙaƙƙiyar ƙasa, gara ta yi hanya a jikin kebul ɗin. Inda aka murɗa ya zama wani gari-gari, kore da fari. Na taɓa jan zaren da bakin wuƙa ya gutsure kamar busasshiyar taliya. Na kankare wani wuri mai lafiya, jan ya tafi, fari ya fito. Na kara masa ashana, ya lanƙwashe ya zube. Jan ƙarfe na gaske ja yake yi ya tsaya. Wannan alminiyom ne aka yi wa fatar jan ƙarfe, irin kebul mai araha da ya cika kasuwa.

Ƙarfe iri biyu a manne, ga ruwan sabulu da toka, ga wutar layi da ba ta ɗaukewa dare da rana: haka suka yi ta cin juna wata shida. Ƙugin ma a nan ya samo asali. Wayar wuta tana gefen kebul ɗin tun ranar farko, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, amma muddin zare biyun layi suna ɗaukar ƙugin daidai wa daida, kan waya ba ya jin sa, don bambancin da ke tsakaninsu kawai yake ji. Da ɗaya ya fara zurarewa ƙasa sai ma'aunin ya karkace.

Ta shago ba ta ɗauki rabin sa'a ba. Kebul ɗin ya tsallaka hanya ba tare da wani abin da ya riƙe nauyinsa ba, ya kwanta a kan bakin kwanon shagon. Iska ta yi ta goga shi har zaren ya yanke a cikin robar.

Kafin in tafi Alhaji ya kai ni na gaida Inna, da dunƙulen mahaɗin a hannunsa. Ya ce, "Inna, ga mai sauraren naki." Ya nuna mata inda kore ya haɗu da rawaya. Ta juya shi a tafin hannu ta ce, "Ikon Allah. To, ɗan nan, Allah ya yi albarka." Da yamma aka ga ta aika wa uwargida goro.

Gyara na dindindin (Nuwamba 2022)

An bar kebul na wucin gadi a wurin, aka ɗaga shi a kan ƙusoshi, aka ƙara wani don 803. Aikin gaske ya jira kaka, lokacin da katanga ta bushe kuma kuɗin riɗi suka shigo.

An sayo kebul irin na intanet mai zare takwas tufke biyu-biyu, wanda 'yan kasuwa ke kira Cat5e, daga Sabon Gari a Kano. An kankare shi an ƙona guntu a gaban mai shagon kafin a biya. Kowane ɗaki ya samu nasa daga akwati har soket, ba mahaɗi ko ɗaya a hanya. Shuɗi da fari mai ratsin shuɗi aka yi amfani da su, domin su ne aka tufke tare, sauran shidan aka naɗe su a ajiye saboda gaba. An zura shi cikin fayif ɗin roba mai faɗin milimita 20, aka bi saman katanga ta ɗaya gefen tsakar gida, nesa da randuna, tazarar aƙalla santimita 30 daga wayar wuta. Inda dole su haɗu, an gicciya su ne, ba a jera su ba. A bakin kowane ɗaki an bar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin kebul ya shiga, don ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a waje. Na shago an rataye shi a jikin wayar ƙarfe da aka ɗaure tsakanin sanduna biyu, aka sa guntun tiyo inda ya kusanci kwano.

Bayan an gama: bolt 36 a duk layuka biyar, zuwa da dawowa a layin Inna om 16, tsakanin zare kuma mita ba ta ga komai ba. An rubuta waɗannan lambobi a takarda aka liƙa a murfin akwatin.

Bayan gyara (2023)

Daminar 2023 ta zo ta wuce ba suya ba ƙugi. Sau ɗaya aka samu matsala, a watan Agusta, 802 ta ɗauke. Yarinyar ta ɗauko kan wayar zaure ta jona a turaka ya yi aiki, ta gane ba layi ba ne. Ɓera ne ya ci murɗaɗɗiyar igiyar da ke tsakanin jikin wayar da abin karawa a kunne. Ta ciro ta tsohon kan wayar Inna, wanda aka ce sanyi ya shiga, ta sa.

Hukunci

An sayi kan waya, sim, ƙarin sanda da akwatin rabo, ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ciwon. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ba don masu gyaran ba su da hannu ba. Alamun suna gabansu. Kira daga zaure zuwa ɗakin Inna ba ya bi ta sim ko eriya, amma yana suya, wannan kaɗai ya wanke sabis. Layuka biyu suna garau a kan akwati ɗaya da inbata ɗaya. Mai wayarin ma ya yi gwajin da ya dace lokacin da ya mayar da Inna 806, sai dai ya karanta amsar a juye: ciwon da ya bi kebul zuwa sabon rami na kebul ne. Mutuwar 805 a daren hadari ita ta ɓatar da shi, ya haɗa cuta biyu ya nema musu dalili ɗaya. Ina kuma ganin sunan ya taimaka wajen ɓatan. In aka ce waya ta lalace, ido kan abin da ke kan tebur yake sauka.

Ga magina ban ga laifi mai yawa ba, ba wanda ya gaya musu abin da ke cikin salatif ɗin. Asalin kuskuren na ranar farko ne: kebul na alminiyom, layi biyu a igiya ɗaya, da mahaɗin hannu a tsakiyar hanya wanda ba a nuna wa kowa ba. A sarari iska tana busar da shi, shi ya sa ya ci daminar 2021. Yaɓe da randuna gaggauta shi kawai suka yi.

Abin da ya fi jan lokacin, a ganina, shi ne masu gyara biyun sun zo a sa'ar da katanga ta bushe, kuma sun tsaya a inda baƙo ke tsayawa. Mita 70 cikin 85 suna bayan shigifa. Waɗanda suka san ranar da kebul ya shiga katanga da lokacin da suya ke tashi suna ciki, ba a tambaye su ba sai da ruwa ya yanke hanya.

Abu ɗaya ya rage wanda ban gamsu da shi ba. Sandar eriya yanzu ta fi komai tsawo a unguwar, kuma har yau ba a kafa mata ƙarfen da zai sauke tsawa ƙasa ba. Na faɗa a Nuwamba, na sake faɗa kafin damina. Alhaji ya ce in Allah ya kai mu kaka. A halin yanzu, da an ga hadari ya haɗo, yarinyar ce ke aika ƙaninta zaure ya zare igiyar eriya daga akwati.